Masu saida kaya ta WhatsApp, adireshinmu lambar waya ce



Da salla ta matso, sai WhatsApp da Facebook su cika da hotunan shadda, takalma da wayoyi: "Ku yi komand tun yanzu, kaya na tafe daga Yamai ko Kano." Ba mu ƙi ba. Tun da COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, gidaje da dama da irin wannan 'yar sana'ar suke rufa wa kansu asiri. Inda muke da magana shi ne yadda ake ɗaukar bayanin mai saye.

Wasu sun kwaso takardar cikewa daga intanet, da Faransanci, ana tambayar sunan titi, lambar gida, har da imel. Don Allah, a Ciro mutum nawa ke da lambar gida? Mu kwatance muka sani: bayan masallaci, kusa da gidajen SONICHAR. Kuma ba mai kawo kaya ƙofar gida, a tashar mota suke sauka. Uwar gida ta ga tambayoyi goma sha, sai ta haƙura, ciniki ya mutu. Wasu kuwa ba abin da suke tambaya sai kuɗɗi. Ranar da kwali ya iso Agadas, sai a ga an rubuta "Hajiya, Ciro". To, wace Hajiyar?

Abin da ake buƙata kaɗan ne: sunan da ke kan katin shaida, tunda da shi ake karɓar kaya, da lambar waya biyu, don duk mun san halin rezo. Sai babbar tambayar: ina kayan za su sauka? Tsakaninmu da Agadas wajen kilomita 70 ne. In a can aka aje su, wa zai ɗauko, kuma kuɗɗin mota a kan wa? A faɗa tun kafin a biya. Wanda bai karatu, a bar shi ya aiko da murya, da Hausa ko Tamajak, mai sayarwa ya rubuta, ya karanta mashi ya ji.

Batun biya kuma, farashi guda muke so, da ladan aike a ciki, ko ta NITA ne ko Amana ko Airtel Money. Kar a ce jika ashirin yau, gobe a ce a ƙaro jika biyu na tasha. A karɓi rabi, a turo shaida da ranar da ake sa ran isowa, sauran in kaya sun zo hannu. Hoton katin shaidarmu kuwa, ba ruwan mai saida takalmi da shi, a daina nema.