Raddi ga Masu Cewa Babban Kamshaf Shi Ne Ƙarfin Inji

Akwai wata da'awa da ta daɗe tana yawo a tsakanin masu harhaɗa injin mota a Amurka, musamman ƙaramin injin Chevrolet mai silinda takwas, wanda ya fara fitowa a 1955 a ƙarƙashin jagorancin Ed Cole, cewa duk mai son ƙarfi ya nemi kamshaf mafi girma, ko da motarsa ba za ta taɓa shiga filin tsere ba, iyakarta titin gari da hanyar wurin aiki. Da yake maganar ta jawo wa mutane hasarar dukiya, masu ita kuma suna kafa hujjoji huɗu, ya wajaba a bi hujjojin ɗaya bayan ɗaya da insafi.

Kamshaf ɗin wannan inji dai sandar ƙarfe ce mai tozaye 16, waɗanda suke buɗe bawul-bawul na shigar mai da na fitar hayaƙi, girmansa kuwa ana auna shi ne da yawan digirin da bawul yake yi a buɗe, tun daga sa'ad da tafet, wato ɗan ƙarfen da tozo yake tunkuɗawa, ya ɗaga inci 0.050.

Hujjarsu ta farko ita ce, gwargwadon daɗewar bawul a buɗe, gwargwadon abin da silinda za ta sha. Wannan gaskiya ce mai sharaɗi, su kuwa sun jefar da sharaɗin. Bawul ɗin shiga ba ya rufewa sai bayan fistin ya kai ƙasa ya fara hawa. Idan inji yana juyi 6,000 a minti, iskar da ta taho a guje takan ci gaba da kutsawa duk da hawan fistin, amma idan yana juyi 2,000, iskar ba ta da wannan zafin gudu, sai fistin ya tunkuɗa ta ta koma ta ƙofar da ta shigo, matsi ya ragu, ƙarfin ja ya faɗi. To, motar da ke da giyar aksil 3.08 da taya mai tsayin inci 26, in tana mil 60 a awa a giyar ƙarshe, injinta bai wuce juyi 2,400 ba. Ashe ke nan mai babban kamshaf ya sayar da ƙarfin da yake bukata kullum, ya sayi wanda ba zai taɓa shi ba sai nadiran.

Hujja ta biyu ita ce ƙarar nan mai tangal-tangal da inji yake yi a sulo, wadda suke ɗauka alamar jarumta. Illarta sananniya ce: akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, idan lokacin ya yi tsawo, inji kuma yana tafiya a hankali, sai hayaƙi ya gauraya da sabon mai, wata silinda ta kama, wata ta yi gardama. Abin da kunne yake jin daɗinsa, a haƙiƙa, ƙonewa ce marar kyau. Bayan ɓarnar mai da baƙanta fulogi, akwai abin da ya fi su hatsari, domin na'urar da ke sauƙaƙa taka birki da zuƙar iskar inji take aiki. Injin kamfani yakan ba da zuƙar inci 17 zuwa 20 a ma'auni, mai babban kamshaf kuwa yana iya sauka ƙasa da 10, sai direba ya taka birki sau biyu a cunkoso, a na uku ya ji shi ya ƙage a ƙarƙashin ƙafarsa. Wane mai hankali ne zai musanya birkinsa da amo?

Hujja ta uku, wadda ta fi sauran kama da ilimi, ita ce cewa kamfanin da kansa ya sa babban kamshaf ɗin nan da ake kira 30-30 a Corvette ta 1964 da Camaro Z/28 ta 1967, alhali duka motocin titi ne. Wannan ƙiyasi ne tare da bambanci, irin wanda malamai ba sa karɓa. Injinan nan matsinsu 11 ga 1 ne, fetur ɗin zamaninsu mai dalma ne, giyarsu ta hannu ce, Z/28 kuma an ƙera ta ne don ta cika sharaɗin gasar Trans-Am. Injin 350 da yawancin mutane suke samu su gyara kuwa, tun da aka rage matsi a 1971, bai cika wuce 8.5 ga 1 ba. Hasali ma hujjar a kansu take komawa, domin a cikin injinan 327 da kamfanin ya fitar a 1965 akwai waɗannan biyu: mai 30-30, wanda tsawon buɗewarsa ya kai digiri 254, an rubuta masa ƙarfin doki 365, ɗan'uwansa L79, mai digiri 222, an rubuta masa 350, ya kuma fi shi ƙarfin ja tun daga ƙasa. Digiri 32 ba su sayo komai ba face doki 15 a can ƙololuwa.

Hujja ta huɗu ita ce a sa babba yanzu, a daidaita sauran daga baya. Masu faɗin haka ba sa lissafa mene ne sauran. Sai an canza fistin don ƙara matsi, an canza kwanbatar giya mai sarrafa kanta, an mai da aksil 3.73 ko sama, an sa wa bawul sifirin masu tauri, waɗanda su kuma suke gaggauta cin tozayen kamshaf mai tafet marar gangare. Idan kan silindar irin Vortec na 1996 ne, ba ya ɗaukar ɗagawar da ta wuce kimanin inci 0.470 sai an kai shi wurin masu yanka. Wanda ya yi duk wannan ya gina motar tsere, ya fita daga mas'alar da muke ciki. Wanda bai yi ba kuwa ya zauna da motar da ke mutuwa a kowace danja.

Hukuncin da hujja ta tabbatar shi ne, kamshaf ake zaɓa a ƙarshe, bayan an san matsin inji, da kan silinda, da giya, da nauyin mota, da juyin da za ta rayu a cikinsa. Ga injin 350 mai matsi wajen 9 ga 1, mai giya mai sarrafa kanta da aksil na kamfani, abin da ya dace shi ne digiri 210 zuwa 220, da tazarar tozaye ta digiri 110 zuwa 114, da ɗagawa wajen inci 0.450. Idan kuma mutum ya yi taraddudi tsakanin biyu, ya ɗauki ƙaramin, domin aibinsa ba ya bayyana sai a saman juyi, na babban kuwa yana tare da direba tun daga ƙofar gida. Allah Ya sa mu dace da daidai.