Kada Abota Ta Zama Hanyar Ƙanjamau

Binciken ƙasa na 2018 kan shaye-shaye ya ƙiyasta cewa mutum 80,000 ke yi wa kansu allurar ƙwaya a Najeriya. Haɗarin yana cikin majalisar abokai: a yi karo-karo a sayi allurar fenta, sirinji ɗaya ya zagaya kowa, jinin wannan ya shiga jikin wancan. Ta haka ƙanjamau da ciwon hanta ke bin sawun abota har ɗakin aure.

Rimin Gado ta jihar Kano na kan hanyar Gwarzo, matasanta kullum suna zirga-zirgar birni, saboda haka abin bai yi mata nisa ba. Kamen NDLEA kaɗai ba zai wadatar ba. Muna kira ga hukumomin lafiya, limamai da masu unguwanni su kai gwaji kyauta inda matasa ke zama, a rufa asirin wanda ya zo.