Ƙaron Sudan: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hadar ƙaro a kan iyakokinmu ya san Sudan ce kan gaba a wannan harka. Kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF, wajen kashi 70 cikin 100 na ƙaron duniya daga can yake fitowa, tun daga Darfur da Kurdufan har zuwa Sinnar da Shuɗin Nilu, inda 'yan uwanmu Hausawa ke da ƙauyuka masu yawa. Kamfanonin lemon kwalba irin su Coca-Cola da na alewa da na magani ba sa rabuwa da shi. Shi ya sa da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumi a 1997, sai ta tsame ƙaro daga ciki.

Abin takaici, talakan da ke shiga ƙaya yana tsaga dakwara cikin zafin rana shi ne ke tashi da mafi ƙanƙantar rabo. Sau da yawa tun kafin kaka ya riga ya ci bashin da ake kira "shel" a wurin ɗan kasuwar ƙauye, a kan zai biya da ƙaro bisa farashin da mai kuɗin ya yanka. Daga nan kaya su wuce hannun dillali, su kai ga mai fitarwa waje. Idan aka tambayi babban kamfani, sai ya ce shi da ɗan kwangilarsa ya yi ciniki.

Hausawan Sudan sun daɗe da sanin wannan amsa. Bayan kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925, kamfanin Ingila mai suna Sudan Plantations Syndicate ne ya riƙe gandun audugar Jazira har zuwa 1950. An raba kuɗin auduga tsakanin gwamnati da kamfani da manoman da aka ba filaye, su manoman suna karɓar kashi 40 cikin 100. 'Yan ƙwadagon da ke cirar audugar kuwa, cikinsu har da Hausawa da Fulani irin na Maiwurno, garin da zuriyar Sarkin Musulmi Attahiru ta kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su cikin lissafin. Manomi ne ke biyansu daga nasa kason. Jikokin 'yan ƙwadago da dama sun tashi ne a matsugunan da ake kira kambo, ba fili, ba wadataccen asibiti ko makaranta.

Yaƙi ya ƙara dagula lamarin. A watan Maris na 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa ana fasa-ƙwaurin ƙaro daga yankunan da ke hannun RSF zuwa ƙasashe maƙwabta, ana tallansa da araha ba tare da takardar asali ba. Wanda ya sayi irin wannan kaya ido rufe, yana iya zama kuɗinsa ne ya koma harsashi.

Mu a wannan jarida muna ganin alhakin mai saye ba ya ƙarewa a bakin sikeli. Tun a 2017 Faransa, wadda ke kan gaba wajen sarrafa ƙaro, ta yi dokar da ta tilasta wa manyan kamfanoninta sa ido a kan 'yan kwangilarsu da masu kawo musu kaya. Muna kira ga duk kamfanin da ke sayen ƙaro da ya bi sawun kowane buhu har zuwa ƙauyen da ya fito, ya bayyana farashin da manomi ya samu, ya kuma yanke hulɗa da dillalin da ke tauye awo.

Ku ma 'yan kasuwarmu da sauranku, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku tambayi asalin kaya kafin ku taya, ku rubuta sunan wanda ya kawo, ku biya 'yan dako da matan da ke tsince ƙaro kafin guminsu ya bushe. Ya kamata shugabannin kasuwanni su mai da wannan doka a tsakanin 'ya'yan ƙungiyoyinsu.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani.