Agogon Zamani Ba Zai Yi Wa Kowa Gudu Ba: Darasi Daga Gasar Ironman

A watan Fabrairun 1982, wata ɗalibar jami'a 'yar shekara 23 mai suna Julie Moss ta shiga gasar Ironman a garin Kona da ke Hawayi ta ƙasar Amurka. Ba ƙwararriyar 'yar wasa ba ce, ta shiga ne a matsayin wani ɓangare na bincikenta na makaranta kan motsa jiki. Gasar kuwa ba ta wasa ba ce: ninƙaya ta kilomita 3.8 a teku, tseren keke na kilomita 180, sannan gudun fanfalaki na kilomita 42.2, duk a jere ba tare da hutu ba.

Moss ce ke kan gaba a ɓangaren mata har aka zo dab da ƙarshe, sai ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Ta faɗi, ta miƙe, ta sake faɗuwa. Kathleen McCartney ta wuce ta ta lashe gasar, ita kuwa Moss ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a bayanta. Tashar talabijin ta ABC ta nuna hoton, kuma har yau bidiyon na yawo a YouTube.

Matashin da ya kalli bidiyon a wayarsa zai iya cewa da a ce tana ɗaure da agogon zamani irin na Garmin ko Apple Watch, da hakan bai faru ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba irin wadda masu tallan na'urori ke so a fahimta ba. Babban amfanin agogo ga wanda ba ƙwararre ba shi ne ya zame masa birki. Wanda ya saye shi da tunanin zai ƙara masa ƙarfi ya yi asarar kuɗinsa.

Dalilin yana cikin yadda jiki ke aiki. Sukarin da jiki ke adanawa a tsoka da hanta ba ya wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu idan ana aiki mai tsanani, alhali mai shiga Ironman ana ba shi har awa 17 ya kammala. Duk wanda ya taka keke da zafi a farkon rana saboda ɗoki, zai biya bashin a lokacin gudu. A nan agogo ke da rana: ya nuna bugun zuciya ya yi sama, ya yi ƙara a rage sauri, ya kuma tunatar a ci wani abu a sha ruwa bayan wasu mintuna. Masana motsa jiki kan ba da shawarar giram 60 zuwa 90 na abinci mai sukari ko sitaci a kowace awa a irin wannan doguwar gasa. Agogo zai iya tunatarwa, amma ba zai koya wa ciki karɓar abinci ana cikin gudu ba. Wannan sai an shafe watanni ana gwadawa.

Ita ma na'urar tana da iyakarta. Saƙon GPS daga tauraron ɗan adam ba ya ratsa ruwa, don haka a lokacin ninƙaya agogo kan kama shi ne kawai idan hannu ya fito sama, lissafin nisa kuma yakan karkace. Koren hasken nan da ke bayan agogo, wanda ke auna bugun zuciya ta fata, yakan rikice idan akwai ruwa ko jijjiga, shi ya sa masu gasa da yawa suka fi yarda da maɗaurin ƙirji. Sai batun batir. Agogon da kan kai yini guda a amfani na yau da kullum yakan mutu cikin 'yan awanni idan GPS na kunne ba tsayawa. Wanda ya jingina da allo kaɗai, idan allon ya ɗauke a kilomita na 20 na gudu, dole ya koma sauraron numfashinsa, kuma idan bai taɓa koyon hakan ba, ya shiga uku.

Dokokin gasar ma sun rage wa na'ura iko. An hana sa abin sauraro a kunne, an kuma hana amfani da waya wajen kira, tura saƙo, jin kiɗa ko ɗaukar hoto ana cikin tsere. 'Yar na'urar da ake ɗaura wa kowa a idon sawu ita ke ƙidaya lokaci, 'yan uwa kuma su bi shi ta manhaja daga gida. Shi ɗan wasan babu mai yi masa tafi ta intanet a wannan lokaci.

Labarin Chris Nikic ya ƙara fito da batun fili. A ranar 7 ga Nuwamba 2020, a jihar Fulorida, wannan matashi ɗan shekara 21 ya zama mutum na farko mai lalurar Down da ya kammala Ironman, cikin awa 16 da minti 46 da daƙiƙa 9, duk da cewa ya faɗo daga keke a hanya. Tsarin da shi da mahaifinsa suka bi shi ne ƙara kashi ɗaya cikin ɗari a kowace rana. Takarda da biro ma sun isa a bi irin wannan tsari.

Wannan ba kira ba ne a ƙaurace wa fasaha. Magana ce ta abin da ya kamata ya riga wani. Wayar da ke aljihun matashi tana da GPS, kuma manhaja irin Strava ko Nike Run Club za ta auna masa nisa da sauri kyauta. Ya fara da kilomita 2 ko 3 da sassafe kafin rana ta yi zafi, sau uku a mako, ya riƙe hakan wata uku. Idan ɗabi'ar ta zauna, sai ya duba agogo, kuma ya tambayi abu uku kafin ya ciro kuɗi: awa nawa batirin ke yi da GPS a kunne, yana jure ninƙaya, kuma yana haɗuwa da maɗaurin ƙirji? Kuɗin da ya rage ya fi amfani a takalmi mai kyau.

A gasar Ironman ta farko a 1978, mutum 15 ne suka fara, 12 suka kammala, kuma babu ko ɗaya da ke da GPS a hannu. Shekara huɗu bayan nan Julie Moss ta rasa matsayi na farko saboda jikinta ya ƙare, kuskuren da agogon yau zai iya taimakawa a kauce masa. Amma rarrafen da ya kai ta layin ƙarshe, babu kantin da ke sayar da shi.