Ceto Ba Hajar Kasuwa Ba Ne

Akwai wata koyarwa da ta samu gindin zama a wasu majami'un Abuja da kewaye, wadda ake kira bisharar wadata. Masu ita suna cewa mutuwar Almasihu a kan gicciye ta ɗauke zunubi, ta kuma ɗauke talauci da cuta tun nan duniya. Saboda haka, in ji su, mai bi na ƙwarai dole ya yi arziki ya zauna lafiya. In kuwa bai samu ba, to bangaskiyarsa ce ta gaza, ko kuma bai zuba isasshen baiko ba. Tushen koyarwar daga Amurka yake, wurin irin su Oral Roberts da Kenneth Hagin, sannan Benson Idahosa na birnin Binin, wanda ya rasu a 1998, ya shige gaba wajen yaɗa ta a Nijeriya. Wannan koyarwa zalunci ce ga talaka, kuma ta saɓa wa littafin da masu ita suke riƙe da shi.

Mu auna ta da abin da idonmu ya gani. Ranar Kirsimeti ta 2011, bam ya tashi a Majami'ar St. Theresa da ke Madalla, dab da Abuja, daidai lokacin da jama'a suke fitowa daga sujada, fiye da mutum 30 suka rasu. Ranar 21 ga Disamba 2024 kuwa, mutum 10 suka mutu cikin turereniya a Majami'ar Holy Trinity da ke Maitama, wurin jiran tallafin abinci, har da yara. To, ya mai karatu, me mai bisharar wadata zai gaya wa iyalansu? Zai ce bangaskiyar wanda ya yi sammako zuwa sujada ce ta gaza? Ko zai ce yunwar yaron nan alama ce ta rashin ceto?

Littafi Mai Tsarki ya riga ya ba da amsa. Abokan Ayuba uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun nace cewa zunubinsa ne ya jawo masa masifa, a ƙarshen littafin kuwa su Allah ya tsauta wa. A Bishara ta Luka, sura ta 13, an ba da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Yesu kuma ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Musulmi da Kirista sun saɓa a kan batun gicciye, amma haƙurin Ayuba dukansu sun san shi.

Gaskiya ne malaman Kirista sun daɗe suna muhawara a kan ma'anar kafara. Magabata irin su Ireniyus sun ɗauke ta a matsayin nasara bisa mutuwa da Shaiɗan. Anselam na Kantabari, wajen 1098, ya bayyana ta a matsayin biyan haƙƙin Allah wanda ɗan Adam ya kasa biya. Abelad na Faransa ya ce ƙauna ce aka nuna domin ta sauya zukata. Duk da wannan saɓani, ba wanda ya ce gicciye takardar karɓar kuɗi ce. Wanda ake bi ɗin ma bai mutu da dukiya ba, kabarin wani aka sa shi.

Kada a ce muna ɗaukaka wahala. Talauci ba ado ba ne, neman halaliya da magani kuma wajibi ne. Amma akwai bambanci tsakanin mai jinya da mai cinikin ciwo. 'Yan mishan da suka riƙe asibitin kutare na Yadakunya a Kano tun shekarun 1930, miki suka wanke, ba su tambayi kuturu nawa ya zuba a akwati ba.

Hausawa sun ce kowa ya daka ta ɓata ruwa, bai ji ƙishirwa ba ne. Mai wa'azin da ke ɗora wa mayunwaci laifin yunwarsa ya ɗora masa kaya biyu: ga cikin da ba kome, ga zargin cewa Allah ya juya masa baya. Ya kamata ɗalibai da malamai, musamman Kiristocin cikinmu, su riƙa tambayar mai irin wannan wa'azi aya da hujja kafin su miƙa masa kuɗin makarantarsu.