Kashi 5 Na Kano: Manomi Ne Bai Ji Ba, Ko Mai Shela Ne Bai Faɗa Ba?

A cikin watan Oktoba na shekarar 2021 waɗansu masana, bisa jagorancin Dokta Nicholas Simpson na Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, suka buga sakamakon wani bincike a mujallar kimiyya mai suna Nature Climate Change. Abin da suka nemi sani shi ne yawan mutanen Afirka da suka fahimci abin da ake kira sauyin yanayi. Sun dogara ne ga amsoshin da ƙungiyar Afrobarometer ta tattara daga bakin jama'a a ƙasashe 33 tsakanin 2016 da 2018. Kafin su lasafta mutum cikin masu sani, sai ya kasance ya taɓa jin batun, kuma ya san da hannun ɗan Adam a ciki. Da aka tace, matsakaicin ƙasashen bai wuce kashi 37 cikin ɗari ba, alhali kuwa a Turai ya haura kashi 80. Amma lissafin da ya shafe mu shi ne na cikin gida: Jihar Kwara kashi 71, Jihar Kano kashi 5.

To, 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, kun fi kowa sanin yadda ake juya irin wannan adadi a wajen hira. Za a ce ga shi nan, mutanen Arewa ba su san abin da duniya ke ciki ba. Kafin mu haɗiye wannan magana, ko mu yi fushi mu tofar da ita, ya kamata mu tsaya mu duba abin da aka auna.

Manomin Kano ba ya bukatar wani ya zo daga jami'a ya gaya masa cewa damina ta canja hali. Dattawan da ke zaune a Sabo ta Badun da Agege, da yawa daga cikinsu farin 1972 zuwa 1974 ne ya fara koro su Kurmi, na 1984 ya ƙaro waɗansu. Masuntan Baga sun ga Tafkin Chadi, wanda ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya janye har ya koma ƙasa da 2,000 a shekarun 1980. Mai kawo albasa da tumatir kasuwar Mil 12 yakan gane an yi ambaliya a fadamun Arewa tun kafin jarida ta buga, domin farashin kwando ya riga ya gaya masa. Wani binciken da sashen agaji na gidan rediyon BBC ya yi tare da British Council a ƙasashen Afirka goma, har da Nijeriya, wanda aka bayyana a 2010, ya tabbatar da haka: jama'a suna lura da canjin ruwa da zafi sarai, sunan da masana suka ba abin ne da musabbabinsa ba su iso gare su ba.

Ku dubi sunan kansa. Kalmar “yanayi” a Hausa tana ɗauke da kaya da yawa. Akwai yanayin gari, akwai yanayin jiki, akwai yanayin kasuwa, har da yanayin siyasa. Idan ka tare ɗan ƙauye ka ce masa yanayi yana sauyawa, zai ce maka ai dama aikinsa ke nan: daga bazara a shiga damina, daga damina kaka, daga kaka hunturu. Abin da masana ke nufi dabam ne. Hayaƙin kwal da man fetur da gas da ake ƙonawa tun sama da shekara 150 ya taru a sararin sama, yana tsare zafin rana kamar murfin tukunya, har ya karkatar da tsarin ruwa da iska na duniya baki ɗaya, kuma ba zai koma yadda yake ba a zamanin wanda ke raye yau. Bayanin bai fi haka tsawo ba. Sau nawa aka tsaya aka yi shi da Hausa mai sauƙi a rediyo ko a dandalin kasuwa?

Akwai kuma amsar da mutanenmu suka saba bayarwa, wato “Allah ne Ya kawo”. Waɗansu masu bincike sukan ɗauke ta tamkar alamar jahilci ko miƙa wuya. Wannan fahimta ta gaza. Mutumin da ya ce ciwo daga Allah yake shi ne dai ke ɗaura gidan sauro, domin imani da ƙaddara bai taɓa hana sanin sababi ba, kuma kowane almajiri ya san ƙissar Annabi Yusufu da tanadin hatsi na shekara bakwai. Malaman Musulunci daga ƙasashe da dama ma sun fitar da sanarwa kan sauyin yanayi a birnin Istanbul a watan Agusta na 2015. Abin tambaya shi ne limamai nawa aka kai wa fassararta.

Amma fa idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba zan ce kashi 5 ɗin nan ƙarya ce ba. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya duba ƙasashe 119, ya nuna cewa zurfin karatu shi ne babban abin da ke raba wanda ya ji batun da wanda bai ji ba, kuma binciken Simpson ya sami mata a baya da maza. Mun san halin da makarantunmu ke ciki, mun kuma san 'ya'yan wa ake cirewa daga aji tun ba su ƙosa ba.

Wani zai ce, tun da manomi ya ga canjin da idonsa, mene ne amfanin sanin dalili? Amfaninsa babba ne. Wanda ya ɗauka muguwar shekara ce kurum zai haƙura ya jira ta wuce, ya sake shuka irin kakansa, ya sake gina ɗakinsa a cikin kwari. Wanda ya san abin ya zo zama ne zai nemi iri mai saurin nuna, ya ɗaga harsashin gini. Ban da wannan, binciken BBC ya gano cewa talakawan Afirka kansu suke zargi, suna cewa sare itatuwa da ƙona daji ne suka jawo musu. Sare itace ɓarna ce, babu musu, amma duk Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa. Zalunci ne a bar mai tuyar ƙosai tana jin nauyin laifin masana'antun Amurka da Turai da Sin. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a Masar a 2022 an amince a kafa asusun tallafa wa ƙasashen da wannan ɓarna ta afka wa. Talakan da bai san ana ɗauke da bashinsa ba, yaya zai tambayi wakilinsa inda aka kwana?

Ambaliyar 2012 ta kashe mutum 363 a ƙasar nan. Ta 2022 ta kashe fiye da 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masanan ƙungiyar World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar irin wannan ruwa sau 80. A Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta cinye Maiduguri, a Mayu 2025 Mokwa ta yi nata makokin. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da fassarar Hausa. Sai dai an fi jin labarinsa ranar da manya suka taru a zauren taro a Abuja, daga nan sai shiru, kamar an shuka dusa.

A nan ne nake ganin ku da ke Kudu kuna da abin yi. Ku ne ke aika kuɗin taki da na iri, kuma maganar mai aiken kuɗi tana da nauyi a gida fiye da ta baƙon da ya zo da takardar tambayoyi. Kusan kowane dare kuna waya da ƙauye. Majalisun sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari suna da rassa daga Shagamu har Lokpanta, kuma ba su rasa yara masu karatu da za su sauko da hasashen NiMet daga intanet su karanta a bainar jama'a. A cikinsa akwai lokacin da ake tsammanin saukar ruwan shuka, da lokacin ɗaukewarsa, da tsawon daminar kowane yanki. Kafin kuɗin iri su tashi daga Agege a bana, a fara nemo shafin da ya yi maganar jiharku.