Wasiƙa a Buɗe ga Masu Aikin Haƙori: Fuskar Turken Dashe da Warkewar Dasashi

Zuwa ga likitocin haƙori da mataimakansu, musamman masu duba jama'ar Moriki, Zurmi, Ƙauran Namoda da Shinkafi.

Haƙorin dashe kashi uku ne: turken titaniyam da ake murzawa cikin ƙashin muƙamuƙi, da wuyan da ke ratsa dasashi ya fito baki, da kan haƙori da ake ɗorawa a sama. Tun 1965, lokacin da Per-Ingvar Brånemark ya yi wa mutum na farko irin wannan dashe a birnin Gotenbag na Suwidin, hankalin masu sana'ar ya fi karkata ga yadda ƙashi ke kama turke. Amma sau da yawa ciwon da ke cinye dashe bayan shekaru daga bakin dasashi yake farawa. Abin da ƙashi ke so a fuskar ƙarfe daban, abin da dasashi ke so daban, kuma kowane sashe sai a ba shi nasa.

Ƙashi kaushi yake so. Shi ya sa kamfanoni ke fesa wa turke tsakuwa mai laushi sannan su jiƙa shi a asid, kamar fuskar SLA ta kamfanin Straumann, ko su kaurara tsatsar da ke kansa da lantarki, kamar TiUnite ta Nobel Biocare. Ana auna kaushin da maikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A rabe-raben Albrektsson da Wennerberg, matsakaicin kaushi shi ne tsakanin maikron 1 da 2, kuma a nan yawancin turakun zamani suke, domin ƙashi ya fi saurin kama su fiye da sumul ɗin turakun farko.

Dasashi kuwa lamarinsa ya sha bamban. A haƙorin halitta, zaruruwan nama suna shiga cikin jikin saiwa su kafe. A jikin ƙarfe ba su da wurin shiga, sai dai su kwanta a gefensa ko su zagaye shi kamar naɗin rawani. Jijiyoyin jini ma ba su kai na haƙorin halitta yawa ba. Binciken da Berglundh da Lindhe suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa naman da ke rufe wuyan dashe yana da tsayin milimita 3 zuwa 4: kimanin milimita 2 na siririyar fata mai manne wa ƙarfe, sauran kuma nama ne mai zaruruwa. Idan dasashi bai kai wannan kauri ba, jiki yakan janye ƙashi ƙasa har sai ya sami wurin. Wannan rufi ba ya kammala sai bayan mako 6 zuwa 8, ko da an cire ɗinki tun mako na biyu kuma wurin ya yi kyau a ido.

Saboda haka wuyan dashe santsi yake buƙata. Bollen da abokan aikinsa sun nuna a 1997 cewa idan kaushin fuska ya wuce maikron 0.2, dattin ƙwayoyin cuta yakan ƙaru a kanta, idan kuma aka goge ta ƙasa da haka ba a samun wani ƙarin amfani a zo a gani. Gogaggen titaniyam da zirkoniya duka dasashi yana zama lafiya da su; zirkoniya ta fi dacewa da haƙoran gaba inda dasashi ke da siranta, domin launin toka na ƙarfe ba ya bayyana. Akwai kuma wuyan da aka yi wa ƙananan tsagogi da hasken leza, kamar Laser-Lok na BioHorizons, da nufin zaruruwa su tsaya a jikinsa. Ko wane iri aka zaɓa, ƙa'idar ba ta sauyawa: a binne sashe mai kaushi duka a cikin ƙashi. Duk inda ya fito fili, ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta da buroshi ba ya iya fitarwa.

Fuskar da kamfani ya gyara tana iya lalacewa a hannun mai aiki cikin minti guda. Kada safar hannu ko miyau ya taɓa turke tsakanin kwalbarsa da ramin da aka haƙa. Murfin warkewa, wato wanda ake ɗaura wa turke kafin dasashi ya warke, idan an taɓa sa wa wani majinyaci, yakan riƙe ragowar jini da nama a ramin sukuru da tsagoginsa ko bayan an dafa shi a tukunyar tururi, don haka sabo ya fi. Wuyan da ya dawo daga ɗakin masu ƙera haƙori yakan zo da ƙurar ƙarfe da maiƙon gogewa. Sai an wanke shi an kashe ƙwayoyin cuta kafin ya shiga baki. A rage yawan cire wuyan da mayar da shi, domin duk cirewa yage rufin nan take yi, kuma gwajin Abrahamsson na 1997 ya nuna cewa maimaita hakan na sa ƙashi ya ja baya. Idan da siminti aka liƙa kan haƙori, a tabbatar ba a bar ɓurɓushinsa ƙarƙashin dasashi ba. Inda zai yiwu, ɗauri da sukuru ya fi sauƙin gyara.

A arewacin Zamfara akwai ƙarin dalilin kiyaye waɗannan. Mai neman dashe daga Moriki ko Shinkafi sai ya yi doguwar tafiya zuwa babban birni, kuma halin da hanyoyi ke ciki bai ba shi damar komawa duk lokacin da aka so ba. Wajibi ne mai dashen ya yi la'akari da haka: ya zaɓi tsarin da ba ya buƙatar zirga-zirga da yawa, ya bar tazarar da buroshi zai shiga, ya kuma rubuta wa majinyaci sunan kamfani da girman turke da ranar dashe a kati. Ba kowane sukuddireba ke kwance kowane wuya ba, kuma ba tare da katin nan ba wanda ya gan shi a gida lalube zai yi a duhu. Kafin a fara aikin ma, a auna suga, a warkar da ciwon dasashi na sauran haƙora, a kuma yi magana ta gaskiya kan taba, domin ukun nan suna iya lalata dashe.

Ma'aikacin da majinyacin zai zo wurinsa a asibitin Ƙaura ko Zurmi shi ne mai gadin aikin. Kada ya kankare wuyan titaniyam da ƙarfen kankare haƙori, domin yana barin zane a jikinsa, zanen kuma ya tara datti. A yi amfani da na roba ko na titaniyam. A guji man fuloraid mai tsami, yana cin fuskar titaniyam. Mai ta'ammali da asuwaki a nuna masa ya tausasa bakinsa sosai, ya kuma ƙara da buroshi mai laushi. Mai cin goro ya kurkure baki ya fitar da tuka daga gefen wuyan.

Taron masana na 2017 a Chikago ya raba ciwon dashe gida biyu. Na farko kumburin dasashi ne kawai: ja, da zubar jini idan an taɓa da ma'auni a hankali, ƙashi kuma lafiya lau. Wannan yana warkewa idan aka tsabtace wurin. Na biyu shi ne wanda ya kai ga cin ƙashi: rami mai ƙara zurfi, wani lokaci da mugunya, kuma hoton ƙashi ya nuna an sami raguwa. Sharhin Derks da Tomasi na 2015 ya ƙiyasta na farko a kashi 43 cikin 100 na masu dashe, na biyu a kashi 22. Na farko aikin asibitin kusa ne. Na biyu, ko dashen da ke girgiɗi, sai a tura shi ba tare da jinkiri ba zuwa ga wanda ya yi dashen, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Aminu Kano, tare da katinsa da hotunan da aka ɗauka.